Ranar da Ban Zagi Auwalu Ba

Sai da muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere na gane cewa bakin da nake taƙama da shi bai ƙetare iyaka tare da ni ba. Ni Ladidi, wadda a Azare ko 'yan kamasho ke shakkar harshena, sai ga ni tsaye da ƙunshin kaya a ka ina rarraba ido, kowa na yaren da ban taɓa ji ba. Yayata Habi na gefena, ta rungume tandar masarmu da muka naɗe cikin tsohon zane, ta ƙi yarda ko ƙasa ta ajiye ta. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu, nawa ya sallame ni, kasuwar masa a gida ta mutu murus. Shi ya sa muka biyo wani mutum da ake kira Alhaji Ɗanlami, wanda ya rantse mana cewa a Yawunde ana neman masar Bauchi ruwa a jallo.

A tashar nan ya karɓi abin da muka tanada na masauki, ya ce mu zauna kan benci zai je ya yi la'asar ya dawo. To, har yau ɗin nan da nake ba ku labari Alhaji Ɗanlami yana can yana la'asar. Na zage shi, na zagi hularsa, na zagi wanda ya sayar masa da hular, amma duk a iska. Da zagin ya ƙare sai tsoro ya maye gurbinsa. Yaya kuwa sai jan carbi take yi. Wata mata 'yar Garwa da ke kusa da mu tana ɓare gyaɗa ita ta ji tausayinmu. Ta duba tikitinmu ta ce na gaske ne, wannan kam bai cuce mu ba. Ta ce in mun sauka mu ce wa mai taksi ya kai mu unguwar Briketeri, 'yan gari Birik suke cewa, mu tambayi gidan Dada Asta. Ta zuba mana gyaɗa a hannu, ko sunanta ban tambaya ba.

Da dare muka shiga jirgin Yawunde, gari ya waye mana a cikin kurmi. Ni da na saba in tsaya a ƙofar gida in hango ƙauyen gaba, sai ga itatuwa sun rufe sama ruf, ko'ina kore shar, ko'ina jiƙe. Na ce, "Yaya, anya mutane ne a ƙarshen hanyar nan?" Ta ce, "Ki rufe bakinki ki yi salati." Na yi salatin, amma bakin bai rufu ba.

Yawunde gari ne na hawa da gangara, jar ƙasa da ruwan sama ba sallama. Da taksi ya juya cikin Birik sai na ji ƙamshin tsire, na ji ƙarar kekunan ɗinki jere a bakin titi, na ji ladan. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Muka bi wani lungu da sai ka karkace kafin ka wuce wanda ke tahowa, kwata na gudana a tsakiya, har gidan Dada Asta. Bafulatanar Marwa ce, doguwa, bakinta ja da goro. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ta kalle mu sama da ƙasa, ta kalli tandar, ta ce, "Kai, ka iya masa da gaske?" Yaya ta ce a ba ta shinkafa a gani. Dada ta ba mu ɗakin bayan gida kusa da famfo, ta ce maganar haya sai tanda ta yi zafi.

Tanda kuwa ta yi zafi. Muka kafa ta a bakin lungu, kusa da teloli. Yaya ke haɗa ƙullu da suya, don hannunta daban ne, masarta sai ta tashi fam, ciki laushi gefe ƙarau. Ni ke miya da zuba wa masu saye, ni ke kuma zuwa kasuwar Mokolo sayen shinkafa da mai da gawayi. Can na ga ta kaina. Su faɗi farashi da Faransanci, ni in tsaya tsuru-tsuru. Sau nawa aka auna mini shinkafa sama fari ƙasa tsakuwa, in dawo ina masifa da Hausa suna ta dariya. Wata Kirista mai sayar da attaruhu, kowa Mami yake ce mata, ita ta gaji da ganin ana wasa da hankalina. Kullum ta hango ni sai ta bar tirenta ta bi ni wurin masu shinkafa, ta tura hannu har ƙasan buhu, ta yi musu tas da yarensu. Ba ma jin juna, amma in na gaji sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ashiya," wato sannu.

Abin da ke riƙe da mu a garin nan shi ne Juma'a. Yaya na da ɗa guda ɗaya tal a duniya, Auwalu, direban motar haya tsakanin Azare da Kano. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai kira. Kun dai san kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu. Yaya ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, in an yi zancensa sai ta kau da kai. Wayar na ƙara za ta miƙo mini ta ce, "Ga mutuminki nan." Sai ta ɗauko tire ta hau tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, kunnenta kuwa yana wurinmu kaf. Ni kuma in buɗe da abin da na saba tun yana yawo ba wando: "Ja'iri, mai kunnen tulu, sai yanzu ka tuna da mu? Uban wa ka fi a garin?" Shi ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Goggo Ladidi, Allah ya huci zuciyarki." In zage shi kan tuƙin ganganci, in zage shi kan rashin aure, in zagi tsohuwar motarsa. A tsakiyar zagin yake faɗin duk abin da uwarsa ke son ji, ya ci abinci, ya biya haya, ciwon bayansa ya yi sauƙi. In na ajiye wayar sai Yaya ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da surutu." Ranar nan har dare fuskarta a sake take.

Muna cikin damina ta biyu abin ya faru. Ina dawowa daga Mokolo da safe da buhun shinkafa a ka, ruwa ya ɗan tsagaita, sai wani ɗan acaɓa, su benskin suke ce musu, ya zamo daga gangara ya kwashe ni. Na faɗa kwata, goshina ya fashe, jini ya wanke mini fuska. Ciwon bai kai ya kawo ba, jinin ne da yawa. Ashe wata maƙwabciyarmu dillaliya, Maman Nafi, ta hango daga nesa. Maimakon ta matso ta ga ko ina numfashi, sai ta kwasa da gudu har bakin lungu, ta tsaya kan Yaya ta ɗora hannu a ka: "Habi, kin shiga uku! Mashin ya kashe ƙanwarki a Mokolo!"

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Mami ta ɗaure mini goshi da ɗankwalinta, na taho ina ɗingishi ina tsine wa ɗan benskin. Tun daga nesa na ji ƙaurin masa tana ƙonewa, abin da bai taɓa faruwa a tandar Yaya ba. Na kutsa cikin mutane na same ta a ƙasa, ta dafe ƙirji da hannu biyu, gumi na karyo mata, leɓenta ya yi fari fat. Na durƙusa ina ihu, "Yaya, ga ni! Ni ce Ladidi! Ban mutu ba!" Ta buɗe ido ta gan ni, ta kama mini hannu. Na ɗauka shi ke nan, tunda ta gan ni za ta miƙe. Ina! Numfashi sama-sama take yi, tana cewa an ɗora mata dutse a ƙirji. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba.

Dada Asta ta tsayar da taksi, teloli suka ɗauke ta. A asibiti aka shige da ita, aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, ni kuwa aka bar ni a baranda da jini a riga. Kowa ya wuce sai in tare shi, ya yi mini Faransanci ya wuce. Da farko sun ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Bayan sun gama gwaje-gwajensu, likitar, wata mace mai gilashi, ta kira mu ni da Dada, Dada na fassara. Ta ce jijiyoyin lafiya lau suke, babu inda ya toshe. Firgita ce. In tashin hankali ya auko wa mutum farat ɗaya, jiki kan sako wani sinadari mai yawa cikin jini, shi ne yake bugar da naman zuciya, ta kasa matsawa yadda ya kamata. Ta nuna mana a allon na'ura. Na ga zuciyar yayata tana motsi, samanta na aiki, ƙasanta kuwa ya buɗe ya yi sanyi kamar gora mai siririn wuya. Ta ce an fi ganin haka ga mata masu shekarun Yaya.

Na ce, "Dada, ki tambaye ta kawai, za ta mutu?"

Dada ta tambaya, ta juyo ta ce, "Ya ce yawanci zuciya yana komawa daidai, sati kaɗan ko wata. Amma kafin nan zuciya ba ƙarfi. Ya sha magani, ya huta. Kada a tsorata shi, kada a kawo masa mugun labari. In an sake, abin yana iya dawowa, kuma na biyu ba a san yadda zai ƙare ba."

Da aka sallame mu na karɓe wayar Yaya na sa a ɗan tofina. Na hana ta zuwa kusa da tanda. Ni na koma suya, masu saye suna ci suna yatsina fuska, wani tela har cewa ya yi masata ta fi kama da takalmin roba. Na ce masa in bai so ya kai wa uwarsa ta gyara. Maman Nafi kuwa na same ta har ɗakinta, abin da na gaya mata ba zai faɗu a nan ba. Yaya ta fara samun sauƙi a hankali. Tana iya zuwa famfo ta yi alwala ta dawo, sai dai ta zauna ta huta kafin ta ta da salla.

Ran wata Talata da hantsi, ina kantin magani ina jiran a miƙo mini ƙwayoyinta, wayar ta yi ƙara. Baffa Sale ne, ƙanin mahaifinmu, mutumin da bai taɓa kiranmu ba tunda muka zo. Ya yi sallama, ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi baƙunta. Ya ce, "Habi na kusa?" Na ce a'a. Sai ya ce, "Ladidi, sai haƙuri. Auwalu lokaci ya yi. Tayar gaba ce ta fashe a hanyar Kano. Jiya muka kai shi makwancinsa."

Ban san na zauna a dandamalin kantin ba. Abin da na sani, kukan ya taso sai ya tsaya cak, saboda wani abu ya riga shi isowa. Yaya. Labarin ƙarya a kaina ya kusa kai ta lahira, to ina ga na gaskiya a kan ɗanta ɗaya tal? Na ce, "Baffa, don girman Allah kada kowa ya kira ta. Ka gaya wa dangi kaf. In ta ji yanzu gawa biyu za ku yi."

Dada na fara gaya wa. Ta cire goron bakinta ta jefar, ta ja ni muka tafi wurin Modibbo, limamin masallacin lungunmu. Ya saurare mu kansa a ƙasa. Ya ce ɓoye labari don tsare rai ba laifi ba ne, amma ba abin da za a daɗe ana yi ba ne, uwa na da haƙƙin ta yi wa ɗanta addu'a. Ya ce shi da maza za su yi masa tasu a masallaci ba tare da hayaniya ba. Daga nan muka wuce asibiti. Likita ta ce ranar Litinin ne dama za ta sake duba zuciyar a na'ura. In ta ga ta yi ƙarfi, a nan gabanta za a faɗa mata, tana zaune, magani na kusa. Ta ce mu yi ƙoƙari mu kai Litinin.

Faɗa da baki ne mai sauƙi. Birik unguwa ce da in ka yi atishawa a bakin titi za a yi maka sannu can unguwar Ekudu. Akwai 'yan Azare masu sayar da yadi, labari ya riga ya zo musu ta waya. Kafin la'asar kowa ya sani, ban da mutum ɗaya. Kuma mutanenmu ba su iya jin rasuwa su zauna ba. Ta'aziyya ba a aika ta, ba a ɗaga ta, ƙafa ake sawa a je. Sai ga mata sun fara ɓullowa daga lungu da manyan mayafai, biyu-biyu, uku-uku, wata da kwanon abinci, wata da ƙullin gero na sadaka. Dada ta ɗauko kujerarta ta dasa a bakin zaure. Duk wadda ta zo sai ta tare ta: "Ba a shiga. Mara lafiya bai sani ba. Ka koma, Allah ya ba da lada." Wasu su fahimta, wasu su tafi suna gunaguni, wai wane irin gida ne ake korar masu gaisuwar mutuwa. Wata ta ce mu 'yan Najeriya ba mu san mutunci ba. Na ji ta sarai, kuma karo na farko a rayuwata na haɗiye amsa.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk sallamar da aka yi a tsakar gida sai in yi wuf in leƙa. In yara suna wasa kusa da tagarmu sai in fita in kore su, kada wani ya maimaita abin da ya ji a ɗakin uwarsa. In kuka ya ci ƙarfina sai in shiga banɗaki in buɗe famfo cikin bokitin ƙarfe, in cusa zane a baki. In fito in wanke fuska in ce hayaƙin gawayi ne. Yaya na barci ina tsaye a kanta ina kallon ko zanen ƙirjinta na ɗagawa.

Ran Laraba Yaya ta ce, "Ladidi, mutanen Birik sun daina duba mara lafiya ne? Da ɗakin nan ba ya rabo da mutane." Dole muka bar wasu su shiga, bayan Dada ta ja musu kunne cewa "ya jiki" kawai za su ce su fito. Wata tsohuwa mai koyar da yara allo, Inna Mairo, ta shigo ta zauna a bakin tabarma. Ta kalli Yaya, idonta ya kawo ruwa, ta yi shiru irin shirun gidan makoki, sai na ga ta ɗaga tafin hannu sama. Dada ta yi wuf ta ɗaga nata ta ce da ƙarfi, "Fatiha, Allah ya ba Habi lafiya!" Muka shafa. Yaya ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ke gabana. Tsakaninmu da Litinin akwai Juma'a.

Na yi tunanin in ce layi ne ba kyau, amma ko ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya Auwalu ya kira. Na yi tunanin in ce wayar ta faɗa ruwa, amma Yaya za ta ce a ara ta Dada. Ita ba za ta tambaya ba, kunya ba za ta bar ta ba. Zama kawai za ta yi tana jira, jiran kuma shi zai cinye ta. Sai na shirya da Dada. In an sauko daga masallaci ta kira wayar daga zaure, ta yi shiru, ni in yi sauran.

Aka sauko. Muna jin takun maza a lungu suna komawa shaguna. Yaya na zaune kan katifa ta jingina da bango, ta jawo tiren shinkafa kusa da ita tun kafin a kira. Wayar ta yi ƙara a jikina. Na ɗauka, na juya mata baya kaɗan, na kara a kunne. Ba komai a ciki sai numfashin Dada.

Na buɗe baki in ce ja'iri. Wallahi tallahi kalmar ta zo har kan harshena ta ƙi fita. Yaron nan yana kwance cikin ƙasa, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba, in ce masa ja'iri? In ce masa mai kunnen tulu? Wa ya taɓa zagin mamaci? Sai na ji bakina na cewa, "Auwalu, ka yini lafiya? To madalla. Eh, jikinta da sauƙi sosai. Ka ci abinci? To. Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka gama lafiya, ka ji? Allah ya haskaka maka." Na yi ta jero addu'a, na kasa tsayawa, sai da na ga muryata za ta tona ni na ce to sai an jima, na kashe.

Na juyo ina murmushin dole na ce, "Yana gaishe ki."

Ba ta ce ba na gajiya da surutu ba. Hannunta na cikin shinkafa, amma ba ya motsi. Na fita na wanke tukwanen da na riga na wanke, ina ce wa raina na tsallake. Da aka kira la'asar na kawo mata ruwa da ƙwayarta. Ta sha, ta ajiye kofin a hankali.

"Ladidi."

"Na'am, Yaya."

"Yau ba ki zage shi ba."

Na ce, "Haba Yaya, don na ga ba ki da lafiya ne, kada hayaniya..."

"Ranar da aka kwantar da ni a asibiti, da robar iska a hancina, a gabana kika ce masa ɗan banza mai tuƙin mahaukata." Ta ɗago ta dube ni. "Tun yana cikin tsumma kike zaginsa. Abu ɗaya ne zai hana ki. Yaushe?"

Na zube a gabanta na riƙe ƙafafunta. Ina cewa, "Yaya, ki yi wa Allah, ki yi numfashi, ki bari sai Litinin, likita ta ce Litinin," kamar wadda ta zare. Ta sake cewa, "Yaushe?" Na ce Litinin da ta wuce, a hanyar Kano. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita. A na uku hannunta ya tafi ƙirjinta, ta runtse ido. Na ƙwala ihu ina kiran Dada, ihun da na tabbata an ji shi har bakin titi.

A taksi kanta na kan cinyata, yatsuna na kan wuyan hannunta ina laluben bugun, in same shi in rasa, in sake samu. Hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne, leɓenta na motsi. Kowace gangara muka sauka sai in ce ta tafi. Na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙa ba, na ce in dai sai an ɗauki ɗaya a garin nan to a ɗauke ni, ni ba ni da kowa, ita ce kowa nawa.

Ba likitarmu ce ke aiki ba, amma aka kira ta ta zo. Aka sake manna wayoyi, aka sake ɗiban jini, aka shafa mata abin na'urar a ƙirji. Ina tsaye a bakin ƙofa, Dada ta riƙe ni don kada in faɗi. Da likitar ta fito ta cire gilashinta ta yi magana mai tsawo. Dada ta ce, "Zuciya ya girgiza, amma bai koma baya ba. Ya riga ya yi ƙarfi fiye da da. Za su riƙe shi su gani zuwa gobe." Ta ƙara da cewa likita ta ce a bar ta ta yi kukanta, kada a hana ta.

Washegari da hantsi aka sallame mu. A hanya Yaya ta ce wa Dada, "Kin kori mutane da yawa?" Dada ta ce, "Da yawa." Ta ce, "Ki aika a ce su zo. Yaro ya kwana da kwanaki a ƙasa, ba wanda ya shigo ɗakin uwarsa ya ce Allah ya jiƙansa." Na ce, "Yaya, jikinki." Ta ce, "Jikina ya ji mafi muni, ga shi kuma yana zaune."

Ashe ba sai an aika ba. Muna sauka muka tarar da lungun cike da mata, tun daga bakin titi har zauren Dada, kowa da mayafinta. Inna Mairo na nan, matan teloli na nan, Maman Nafi ta raɓe a baya kanta a ƙasa, har Mami ta bar tirenta a Mokolo ta zo ta tsaya a gefe da ɗankwali a kai. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na zaunar da Yaya, na sa mata matashi a baya, na zauna dab da ita na kama wuyan hannunta, don har lokacin tsoro bai sake ni ba.

Inna Mairo ce ta fara matsowa. Ta durƙusa ta ce, "Habi, ya haƙuri?"

Yaya ta zare hannunta daga nawa, ta ɗora shi a bayana, ta ɗan tura ni gaba.

"Ku fara da wannan," ta ce. "A bayanta ya girma. Kuma tun Talata take kukansa ita kaɗai a banɗaki, tana tsammanin ƙarar famfo ta rufe."